Mene ne rim ɗin bidlok, kuma wace mota ce ke buƙatarsa?

Duk mai kallon bidiyon motocin da ke hawa duwatsu ko ratsa tudun yashi ya sha ganin wani irin rim mai zobe a bakinsa, an jera masa ƙananan notuna sun kewaye shi tsaf. Wannan shi ne bidlok, a takardun masu ƙerawa kuma za ka ga an rubuta beadlock. Aikinsa guda ɗaya ne tak: ya danne bakin taya da ƙarfin noti a lokacin da iskar da ke ciki ta yi ƙarancin da ba za ta iya riƙe shi ba. Duk wata magana ta kyau ko ta ƙarfi da ake jingina masa ƙari ce kawai.

Kafin a gane amfaninsa sai an san abin da ke riƙe taya a jikin rim na yau da kullum. Tayar da ba ta da tub tana da baki biyu, na ciki da na waje, kuma a cikin kowane baki akwai damin wayar ƙarfe da aka lulluɓe da roba. Idan mai faci ya hura iska, ƙarar nan ta "fam" da ake ji sau biyu ita ce shaidar bakunan sun hau mazauninsu. Daga nan babu noti, babu gam. Iska ce ke tura bakin tayar waje, tana manna shi da leɓen rim, sai wani ɗan tudu da aka yi a cikin rim ɗin yana taimakawa kada bakin ya zame ya koma ciki. A kan kwalta, inda yawancin irin waɗannan motoci ke tafiya da iska tsakanin 30 zuwa 35 psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya) a geji, wannan tsari ya wadatar har ya yi saura.

Matsalar tana farawa ne idan an bar kwalta. Abu na farko da gogaggen direba ke yi a bakin yashi ko duwatsu shi ne ya tsuguna ya rage iska. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Ɗauki mota mai nauyin tan 2, kowace taya na ɗauke da kilo 500. A kan 35 psi, wajen da tayar ke taɓa ƙasa kusan murabba'in santimita 200 ne. A sauke iskar zuwa 12 psi, a takarda wajen ya kusa ninka uku. A zahiri taurin jikin tayar yakan rage wannan adadi, amma bambancin na nan, ido ma yana ganinsa. Abin da mutane ba su cika lura ba shi ne sawun ya fi ƙaruwa ta tsawo, daga gaba zuwa baya, ba ta faɗi ba. Wannan dogon sawu ne ke sa mota ta bi saman yashi maimakon ta tona wa kanta rami. A kan dutse kuma taya mai laushi tana lanƙwashewa ta rungumi dutsen, haƙoranta da yawa su kama a lokaci guda, kuma tsinin dutse bai cika huda ta ba kamar yadda yake huda wadda aka cika ta yi tauri.

To amma iskar da aka rage ita ce dai mai riƙe bakin tayar. Tsakanin 15 zuwa 20 psi yawancin rim na yau da kullum suna riƙewa lafiya idan ana tafiya a hankali. Da an gangara ƙasa da 12 ko makamancin haka, musamman da mota mai nauyi, an shiga wajen hatsari. A karya sitiyari da ƙarfi, ko motar ta jingina a gefen gangare nauyinta ya koma kan taya ɗaya, ko wani dutse ya tokari gefenta, sai bakin waje ya zame ciki. Wani lokaci ɗan tsaki kawai za ka ji, iska ta fita kaɗan, ƙasa da tsakuwa su shige tsakanin roba da ƙarfe, daga nan tayar ta dinga sacewa. Wani lokaci kuma gaba ɗaya take saki, rim ya zauna a ƙasa, kuma galibi a wajen da ɗaga mota da jak ya fi wuya hakan ke faruwa. Akwai matsala ta biyu da ba a cika gani ba: idan tayar ta kama ƙasa sosai, inji kuma yana da ƙarfi, rim yakan juya a cikin tayar, balansin da aka yi ya lalace.

Bidlok ya cire iska daga wannan aiki. Bakin tayar na waje ba ya shiga cikin rim sam. Ana ɗora shi a kan wani mazauni da ke wajen leɓen rim ɗin, a kifa zobe na alminiyam ko ƙarfe a kansa, a ɗaure da notuna, sau da yawa 24 ko 32. Robar ta zama tana matse tsakanin ƙarfe biyu. Ko iskar ta sauka zuwa 5 ko 8 psi, bakin yana nan inda aka ajiye shi. Shi ya sa kusan duk motar da ke shiga gasa irin ta King of the Hammers, wadda ake yi a Kaliforniya ta Amurka tun 2007, za ka gan ta da shi. Masu tseren gudun gajeren zango ma suna amfani da shi, su kuma don kada rim ya zame a cikin taya lokacin da aka saki ƙarfin inji gaba ɗaya.

Yawancin waɗanda ke kasuwa bakin waje kaɗai suke kamawa, saboda shi ne ya fi shan tura idan mota ta juya ko ta jingina. Bakin ciki har yanzu iska ce ke riƙe shi, kuma yana iya saki, ko da yake bai cika ba. Mai son a kama duka biyun sai ya nemi irin na sojoji. Motar Humvee ta sojojin Amurka tana da rim mai gida biyu da ake haɗawa da noti, da wani kauri na roba ko ƙarfe a ciki da ke tokare bakunan biyu da leɓunan rim. Kamfanin Hutchinson na yin irin wannan tsari har ga motocin farar hula. Akwai kuma wanda ake sa wata ƙaramar jakar iska a cikin tayar, da bawul nata daban, a cika ta da iska mai ƙarfi tana danne bakunan biyu, babban ɗakin tayar kuma a rage masa iska yadda ake so. Wannan yana buƙatar a huda rim a yi wa bawul na biyu wuri.

Sai kuma na ƙarya, waɗanda sun fi na gaskiya yawa a kan titi. Zoben nasu da notunan ado ne, bakin tayar na zaune a ciki kamar na kowane rim. Babu laifi mutum ya saye su don kyau, laifin shi ne ya yarda da su ya sauke iska zuwa 6 psi. Gane su ba wuya: duba ko robar tayar ta shige ƙarƙashin zoben. A tsakanin na gaske da na ƙarya akwai waɗanda wasu kamfanoni ke fitarwa tare da sabuwar mota, kamar Ford Bronco mai kayan Sasquatch da wasu Jeep Wrangler, inda rim ɗin ke zuwa da zoben ado amma an tanadi wurin da za a sa zoben gaske daga baya.

Dalilin da ya sa kamfanonin ba sa fitar da shi a ɗaure tun daga masana'anta ya kai mu ga wahalarsa. Bidlok rim ne mai neman kulawa. Ana ɗaure notunan ne da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a ɗaure wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen zoben, a zagaya sau uku ko huɗu ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har a kai adadin da mai ƙerawa ya faɗa, adadin da bai kai na manyan notunan da ke riƙe rim da mota ba. A yi amfani da bindigar iska ta ɗaure noti a nan, sai noti ya tsinke ko zoben ya karkace. Bayan tafiyar farko roba takan kwanta, notunan su yi sako-sako, dole a sake bi. Haka za a ci gaba da dubawa lokaci-lokaci muddin rim ɗin na kan mota. Rim biyar masu noti 32 kowanne, notuna 160 ke nan. Idan ɗaya ya tsinke, nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa, su ma su bi shi. Kuma akwai dokar da ba a wasa da ita: kada a taɓa kwance notin zobe alhali akwai iska a tayar. A cire ƙwayar bawul tukuna, iska ta fita tas.

Ban da wannan, ya fi rim na yau da kullum nauyi, nauyin kuma a wurin da birki da shokazoba suka fi jin sa yake. Balansinsa na da wuya, don haka girgizar sitiyari a babbar hanya ba baƙon abu ba ne. Da yawansu a Amurka ana sayar da su ne da rubutun cewa ba na hawa titin jama'a ba ne, kuma ƙasashe sun bambanta a kan abin da suka yarda da shi, don haka wanda motarsa ke zuwa aiki ranar Litinin ya bincika dokar inda yake da sharuɗɗan inshorarsa kafin ya biya kuɗi. Wani alheri guda da yake da shi: ana iya sa masa taya da hannu a daji, da ruwan sabulu da sifana, ba sai an nemi injin mai faci ba.

A ganina wanda ba ya sauka ƙasa da 12 zuwa 15 psi ba ya buƙatarsa, kuma yawancin masu tafiyar daji, masu dogon zango a kan burji da yashi, a nan suke. Kuɗin ya fi amfani a kan taya mai kyau, geji na gaskiya da kwamfureso na mayar da iska. Mai rarrafe a kan manyan duwatsu da giya mafi ƙasa, da mai gasa, su ne masu shi.

Idan an yanke shawarar saye, girman rim ya fi sunan kamfani muhimmanci. Rubutun 35x12.50R17 na nufin taya mai tsayin inci 35, faɗin inci 12.5, a kan rim mai inci 17. Cire 17 daga 35 ka raba biyu, ka sami inci 9 na gefen taya, wato robar da za ta lanƙwashe idan an rage iska. Sa tayar mai wannan tsayi a kan rim mai inci 20, saura inci 7.5. Shi ya sa 17 ya zama abin da aka fi so: yana barin wuri ga manyan birkin motocin zamani, bai kuma cinye gefen taya ba. Ta wajen faɗi, rim mai inci 8.5 ko 9 ya dace da taya mai 12.5, domin robar za ta ɗan kumburo ta kare zoben daga gogar dutse. A tabbatar ramukan noti sun dace da motar, 5x127 (wato ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 127) ga Wrangler na zamani, 6x139.7 ga Hilux da Prado, a kuma duba nauyin da aka rubuta rim ɗin zai iya ɗauka. Yadda rim ya fito waje ko ya shige ciki shi ma abin aunawa ne. Ya shige da yawa, taya ta gogi ƙarafan ƙafa idan an karya sitiyari. Ya fito da yawa, ta gogi bodi, boris kuma ya dinga cinyewa da wuri. Na ƙarfe yana lanƙwasa a buga shi da guduma ya koma, na alminiyam ya fi sauƙin nauyi amma idan bugun ya yi yawa tsagewa yake yi.

Tayar kuwa, gefenta za a fara dubawa kafin zanenta, tun da a ƙaramar iska gefen ne ke goga dutse. Masu gefe mai shimfiɗa uku sun fi jure yanka. Harafin nauyi da ke jikinta, C ko D ko E, yana nuna irin lodi da iskar da za ta iya ɗauka, kuma a nan mutane kan yi kuskuren ɗaukar E don sun ji ta fi ƙarfi. A ƙarƙashin ƙaramar mota marar lodi, E takan yi tauri ta ƙi kwanciya ko an rage mata iska sosai, an sayi bidlok ke nan an hana shi aiki. E ta motar da ke ɗauke da kaya mai nauyi ce. Mai alamar MT, mai manyan haƙora da wagegen fili tsakaninsu, ita ce ta laka da dutse, amma tana da ƙara a kwalta, ba ta kuma riƙe jiƙaƙƙen titi kamar mai alamar AT, wadda aka yi don kwalta da daji duka. Kaurin bakin taya ma ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Idan ya fi abin da aka ƙera rim ɗin dominsa, zoben zai karkata ciki yayin ɗauri ya dinga lanƙwasa notuna, sai an sa masa abin cike giɓi da masu ƙerawa ke sayarwa don wannan.

Bidlok yana riƙe bakin taya ne kawai, ba ya hana ta zafi. Taya mai 8 psi da aka yi gudu da ita a kan kwalta gefenta zai dinga lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har zaren cikinta ya lalace, ɓarnar da ba a gani daga waje sai ranar da ta fashe. Da an fito daga yashi ko duwatsu, a tsaya a mayar da iska zuwa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ko wanda ya dace da sabuwar tayar idan an sauya girma, sannan a zagaya zoben da sifana kafin a hau babbar hanya.