Yadda ƙarfe ya karɓi nauyin gini daga bango

Tun fil azal bango ne ke ɗaukar nauyin gini, shi ya sa duk lokacin da aka so ƙara tsawo sai an ƙara kauri daga ƙasa. Maginanmu na gargajiya sun san wannan iyaka sarai, domin azarar giginya ba ta iya haye faɗi mai yawa, kuma dabarar bakan gizo da ake gani a tsofaffin soraye hanya ce ta samun ɗaki mai faɗi ba tare da rufin ya rufto ba.

A Ingila aka fara jarraba wata hanyar. A 1797 an gina masana'antar zare ta Ditherington a Shrewsbury da ginshiƙai da dogayen ƙarafan zubi, saboda gobara ta addabi masana'antun da ke da rufin katako. Sai dai ƙarfen zubi, duk da yana jure danni, yakan karye farat ɗaya idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi. Maganin wannan ya zo ne a 1856, lokacin da Henry Bessemer ya fito da hanyar hura iska cikin narkakken ƙarfe don ƙone yawancin sinadarin kabon da ke cikinsa. Daga nan tataccen ƙarfe, mai jure danni da ja baki ɗaya, ya yi araha.

Birnin Chicago na Amurka, wanda gobara ta cinye a 1871, shi ya fi cin moriyar abin. A 1885 William Le Baron Jenney ya kammala benen Home Insurance mai hawa goma, inda ƙarafa suka ɗauki yawancin nauyin, bango kuwa ya koma tamkar riga a jikin ƙashi. Zuwa 1931 benen Empire State na New York ya kai hawa 102, ana haɗa ƙarafansa da ƙusoshi masu zafi, kafin walda da noti su maye gurbinsu daga baya.

A Maraɗi, wadda aka sake ginawa a kan tudu bayan ambaliyar 1945, ƙarfe ya shigo ne ta ƙofa biyu: rodi da ake binnewa cikin siminti, da dogayen ƙarafan da ke tallafe da rufin kwano a shaguna, masallatai da ɗakunan ajiyar kaya. Galibi shigo da shi ake yi daga waje, don haka tsadarsa ke sa wasu masu gini rage kaurin rodi ko faɗaɗa tazarar da ke tsakaninsu. Wannan abin damuwa ne ƙwarai, domin tsagewar bangon ƙasa ana ganinta tun da wuri a yaɓe ta kafin damina, amma siririn rodi da siminti ya rufe, ko tsatsar da ke cin sa daga ciki, ba mai ganinsu sai ran da aka ɗora hawa na biyu.