La Tour d'Argent: Gidan Agwagwa Mai Lamba da Rumbun Giyar Inabi a Paris

La Tour d'Argent gidan abinci ne na ƙasaita da ke birnin Paris a ƙasar Faransa, a lamba 15, titin Quai de la Tournelle, daf da kogin Sen. Ɗakin cin abincinsa yana hawa na shida, inda mai ci yake hango majami'ar Notre-Dame ta taga. Abubuwa biyu ne suka ɗaga sunansa a duniya: gasasshiyar agwagwa da ake bai wa kowace lambarta, da rumbun giyar inabi da ke ƙarƙashin ginin, wanda ake lissafa shi cikin mafi girma a gidajen abincin duniya.

Tarihi

Masu gidan suna cewa an kafa shi a 1582, amma masana tarihi da dama suna shakkar wannan shekara, domin abin da ya tabbata a rubuce daga ƙarni na 19 ya fara. A 1890 mai gidan na lokacin, Frédéric Delair, ya fara sa wa agwagi lamba. André Terrail ya sayi gidan a 1911, ɗansa Claude ya karɓi ragama a 1947 ya riƙe har rasuwarsa a 2006, sannan jikan, shi ma André, ya gaje shi. Gidan ya shafe shekaru masu yawa da taurari uku, matsayi mafi girma a kundin Michelin mai auna darajar gidajen abinci. Ya sauko biyu a 1996, ya koma ɗaya a 2006. Yana da reshe a Tokyo tun 1984.

Agwagwar

Daga yankin Challans na yammacin Faransa ake kawo agwagin. Ba yanka su ake yi ba, shaƙe su ake yi don jinin ya zauna a jiki, domin jinin shi ne tushen miyar. A gasa agwagwa sama-sama, cikinta da sauran ja, a yanke naman ƙirji siri-siri, a mayar da cinyoyi kicin a ƙara musu wuta. Ragowar ƙashi da nama sai a zuba a wata matsa ta azurfa mai kambu a sama, a yi ta juyawa har ruwan ya tsiyayo. Wannan ruwa ake haɗawa da niƙaƙƙiyar hanta da romo da giya mai ƙarfi irin ta Cognac, a yi ta kaɗawa a kan ƙaramar wuta har ya yi kauri ya yi duhu. Aikin yana son natsuwa, don in wuta ta yi yawa jinin zai guntse, miyar ta lalace. A ƙarshe a miƙa wa mai ci kati ɗauke da lambar agwagwarsa. An kai ta miliyan ɗaya a 2003.

Ya kamata mai karatu Musulmi ya sani cewa wannan girki ya haɗa mushe da jini da giya, ukun kuwa shari'a ta haramta su.

Haɗa abinci da giya

A tsarin cin Faransawa, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2010, ba a ɗaukar giyar inabi a matsayin abin kora abinci kawai. Ana zaɓenta ne don ta dace da abin da ke cikin faranti, kuma akwai ma'aikaci na musamman da wannan ne kaɗai aikinsa, wanda suke kira sommelier. Shi zai ji abin da baƙo ya zaɓa da abin da aljihunsa zai ɗauka, ya ba da shawara, ya buɗe kwalba ya tabbatar ba ta ɓaci ba. In tsohuwar jar giya ce, yakan tsiyaye ta a hankali cikin wata kwalba a gaban kyandir, don ya ga lokacin da laka ta iso wuya ya dakata.

Ƙa'idojin ba su da wuyar fahimta. Farar giya tana zuwa kafin ja, marar nauyi kafin mai nauyi, mai zaƙi a ƙarshe. Tsamin farar giya yana yanke maiƙon kifi da man shanu. Ja kuma tana da bauri irin na goro, wanda take samu daga ɓawon inabi, naman da ke da kitse kuwa yana kwantar da wannan bauri. Shi ya sa ake yawan haɗa agwagwar da jar giyar yankin Burgundi, ta inabin Pinot Noir: tana da tsamin da zai tari kaurin miyar, ba ta kuma da nauyin da zai danne ɗanɗanon naman. Hantar agwagwa mai kitse, foie gras, an saba raka ta da giya mai zaƙi ta Sauternes.

Rumbun

Rumbun yana ɗauke da kwalabe kimanin 300,000, littafin zaɓen giyar kuma ya kai shafi 400. Baturen Ingila David Ridgway ne ya shugabanci sashen tun farkon shekarun 1980 har tsawon gomman shekaru, ya riƙa sayen giya tun tana sabuwa yana ajiyewa har ta nuna. A 1940, gab da shigar sojojin Jamus Paris, Claude Terrail ya sa aka toshe wani sashe na rumbun da bango, mafi darajar kwalaben suka tsira. A watan Disambar 2009 gidan ya yi gwanjon kwalabe 18,000, a farkon 2024 kuma ya kai ƙara wurin 'yan sanda bayan ƙidaya ta nuna kwalabe 83 sun ɓace, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu ya haura Yuro miliyan ɗaya da rabi.