Samarinmu masu fita hawan dutse a daji, dan Allah ku karanta kafin tafiyar Lahadi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago. Ni ma'aikacin lafiya ne a nan Legas, kuma na lura samarinmu sun samu sabon abin yi, a haɗa kuɗi ranar Lahadi ko hutun sallah a ɗauki shatar bas a tafi dutsen Olumo a Abeokuta, wasu har Idanre can jihar Ondo ko Ado Awaye a Oyo, tunda Legas ɗin ba dutse sai ruwa da yashi. Wallahi abin yana min daɗi, mutumin da ya yi sati guda yana shaƙar hayaƙi a goslo ya fita ya motsa jiki ya ga itatuwa, wannan lafiya ce, ba zan hana kowa ba.

Inda hankalina yake tashi shi ne masu barin matakala su kutsa cikin daji su samu curin dutse su ce sai sun hau shi da hannu da ƙafa ba igiya, irin wanda suke gani a TikTok. Wasa ne na gaske, a Faransa akwai dajin Fontenbulo kudu da Faris da mutane suka daɗe suna yin shi, har gasar Olamfik ya shiga a Tokyo a 2021, kuma dutsen ba ya wuce mita 4 zuwa 5. Amma abin da kyamara ba ta cika nuna muku ba shi ne ƙasan dutsen, akwai katifa mai kauri da suke goyowa a baya su shimfiɗa, sannan akwai mutum tsaye da ba shi da aiki sai kallon bayan mai hawa. Su sun san faɗuwa dole ce a wannan wasan shi ya sa suke shirya mata, mu kuma sai a tafi da silifas da waya a hannu.

Mita 4 ɗin nan da kuke rainawa ta fi tsawon rufin ɗakin da kuke kwana, kuma ƙasan daji ba filin ƙwallo ba ne, saiwa ce da tsakuwa da kututture a ɓoye cikin ganye. Ƙafa ɗaya ta sauka a gefen saiwa shi kenan idon sahu ya juye. In ba ku da katifar to kar ƙafarku ta wuce tsayin ƙugu, a share wajen sauka tukuna, kuma kafin ka hau ka zaga baya ka ga ta inda za ka sauko. Wanda ke tsaye a ƙasa ya ɗaga hannu yatsu a haɗe, ba cafe mutum zai yi ba dan ba zai iya ba, aikinsa ya tura kafaɗar mai faɗowa ta yadda kai ba zai bugi dutse ba. Kai kuma mai faɗuwa ka lanƙwasa gwiwa ka mirgina, kar ka miƙa hannu baya ka tokare ƙasa, a nan wuyan hannu yake karyewa.

Da damina, wato daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba da Oktoba, dutsen da ke ƙarƙashin inuwa yana yin gansakuka, ko sama ta washe shi bai bushe ba, a haƙura da shi. Kuma kar ka zura hannu a tsagar da idonka bai gani ba, nan ne ɗakin kunama da maciji da ƙudan zuma.

Toh yanzu ga wanda ya fi damuna, abin da ake yi wa mutum bayan ya faɗo, dan sau da yawa a nan ake ƙarasa shi da kyakkyawar niyya. In ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko yana jin ƙafarsa ta mutu ko tana masa zirr, dan girman Allah kar a ciccibe shi, kar a zaunar da shi, kar a ɗora shi a okada a tsakiyar mutum biyu. Ƙashin baya zai iya tsagewa laka ba ta taɓu ba, lanƙwasawar da za ku yi masa ita ce za ta yanke ta ya shanye har abada. Mutum ɗaya ya durƙusa ta saman kansa ya riƙe kan da hannu biyu yadda yake, a kira 112, in kuna cikin jihar Legas har 767 ma yana aiki. In dole sai an ɗauke shi, to a kan ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum huɗu ko biyar su juya shi lokaci ɗaya kai da jiki a miƙe.

Wanda ya bugu a kai ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, ku sa masa ido har washegari. Amai, barci mai nauyi, maganar da ba kan gado, ciwon kai mai ƙaruwa, jini ko ruwa ta kunne ko hanci, asibiti kawai ko da tsakar dare ne.

Karaya kuma na san da yawanmu wajen mai ɗori muke fara zuwa, iyayenmu ne muna girmama su, amma a fara yin hoton ƙashi dan Allah. Ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini, in ka ga yatsu sun yi sanyi, sun kumbura ko sun fara baƙi, a kwance shi nan take a tafi asibiti, jinkirin kwana biyu yana kai mutum ga rasa hannu. In kuna wajen Abeokuta akwai asibitin tarayya na Idi-Aba, a Legas ga asibitin ƙashi na Igbobi nan kan titin Ikorodu.

Saran maciji ba a ɗaurewa da igiya, ba a tsagawa da reza, ba a tsotsa. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a sa ƙafar a kara kamar mai karaya, a ɗauke shi kar ya taka, a nufi babban asibitin da ke da allurar dafin maciji. Rauni mai ƙasa a ciki a wanke da ruwa mai yawa da sabulu, in allurar tetanus ɗinka ta wuce shekara 5 ko ba ka tuna ba ka je a maka.

Ku tafi da ruwa fiye da yadda kuke zato da ORS, wato garin gishiri da sukari da ake jiƙawa a sha, ko leda biyu, musamman in akwai mai sikila a cikinku dan ƙishirwa da gajiya suna tayar masa da ciwo. Sannan cikin daji sabis yana ɗaukewa, dan haka kafin ku shiga ku turawa wani a gida sunan ƙauyen da ƙarfe nawa za ku fito, kuma direban bas ɗin ya tsaya kusa kar ya tafi neman fasinja.