Zuwa Iskandariya a lokacin kaka: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Da zarar damina ta fara ja baya, tambayoyin nan sai su yi ta shigowa, daga Malali, Unguwar Rimi, Tudun Wada, har Rigasa, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Wani zai kai mahaifiyarsa ganin likita Alkahira yana so su leƙa bakin teku kwana biyu, wani zai raka ɗalibi, wasu kuma ango ne da amarya. Ga amsoshin wuri guda. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a sake turo wata.

Wai ina ne Iskandariyar?

Masar. Bakin tekun Bahar Rum, kimanin kilomita 220 daga Alkahira ta arewa maso yamma, kusan tafiyar Kaduna zuwa Kano. Ita ce birni na biyu a girma a ƙasar.

Sai da biza?

Sai da ita. Ofishin jakadancin Masar yana Abuja. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Alhaji, kada ka biya kuɗin tikiti da otal irin wanda ba a mayarwa alhali biza ba ta fito ba.

Katin rigakafin shawara fa, ana dubawa da gaske?

Ana dubawa, don Najeriya na cikin ƙasashen da ake buƙatar katin daga wurin mutanensu. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, saboda haka wanda ya yi ta ana jibi zai tashi bai yi komai ba. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. A je a yi allurar ta gaskiya. Sayen kati ba allura cutar kai ne, kuma idan aka gano, a filin jirgi za a tsayar da mutum da iyalinsa.

Akwai jirgi daga Kaduna kai tsaye?

Babu. Ko Kano ko Abuja, EgyptAir na tashi daga dukkansu zuwa Alkahira, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar. Mai bin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ya tafi tun ana gobe tashi, ya kwana Abuja. Jirgin ƙasa ɗaya ya yi latti, shi ke nan tikitin dubban ɗaruruwa ya tafi.

Daga Alkahira kuma hanya uku ce. Jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, awa biyu da rabi zuwa uku. A Iskandariya yana tsayawa a tashar Sidi Gabir kafin ya ƙarasa Mahattat Misr, babbar tashar garin, kuma wanda otal ɗinsa ke gabashin gari a Sidi Gabir ya kamata ya sauka. A sani, baƙo yana biyan kuɗin tikitin jirgin ƙasa fiye da ɗan ƙasa. Akwai manyan motoci irin su Go Bus da Super Jet. Akwai kuma shatar mota, wadda ita ta fi dacewa da mai tsoho ko mara lafiya.

To wane lokaci ya fi a je? An ce mana kaka can rana ce kullum.

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsar ta danganta da abin da ya kai mutum.

Da farko, kakarsu ba irin tamu ba ce. Mu a nan kaka lokacin girbi ne, ruwa ya ɗauke, ana jiran hunturu. A can akasin haka ne: ba a ruwa sam a watannin zafi, sai kaka ta yi nisa sannan ruwan sama ke farawa, ya kai har Fabrairu. Wato lokacin da muke ajiye lema a Kaduna, su lokacin suke fito da tasu. Ruwan ba shi da yawa, kimanin milimita 200 ne a shekara, mu kuwa muna haura 1,000. Matsalar ita ce yakan zubo ne a dunƙule, da iska mai ƙarfi daga teku, magudanun garin kuma su kasa ɗauka. A ƙarshen Oktoba na 2015 ruwa ya cika titunan garin, an rasa rayuka, har gwamnan ya ajiye aiki.

Mutanen garin suna kiran irin wannan hadari nawwa, kuma masunta suna da lissafinsa da sunaye tun kaka da kakanni. Akwai wadda ake sa rai wajen 20 ga Oktoba, Riyah al-Salib, galibi iska ce ta kwana uku. Akwai al-Maknasa, wato tsintsiya, a tsakiyar Nuwamba, ita ce mai ruwa da yawa, takan ɗauki kwana huɗu. Sai Kasim a farkon Disamba. Ranakun ba a rubuce suke kan dutse ba. Wata shekara ta zo da wuri, wata ta makara, wata ta wuce ba a ma ji ta ba. Amma idan ta zo da ƙarfi, igiyar ruwa na tsallako katangar bakin teku ta watsu kan titi, a hana ƙananan jiragen ruwa fita, wani lokaci har a rufe mashigar tashar jiragen ruwa.

Saboda haka ga yadda nake raba shi. Wanda yake son rana, ɗumi, da zama bakin ruwa, ya je daga ƙarshen Satumba zuwa kamar 20 ga Oktoba. Da rana zafi na kai digiri 27 zuwa 30, da dare ya sauko wajen 18 zuwa 21, ruwan teku kuma yana nan da ɗuminsa na bazara. 'Yan makaranta sun koma, dandazon mutanen Alkahira da ke cika garin a Yuli da Agusta ya watse, ana samun ɗaki cikin sauƙi. A dai lura da 6 ga Oktoba, ranar hutu ce a ƙasar, idan ta haɗu da ƙarshen mako gari kan sake cika. Ƙarshen makonsu Juma'a da Asabar ne.

Wanda kuma yawo da ziyarar wuraren tarihi ya kai shi, ko yake tare da tsoho mai hawan jini da ba ya son zafi, Nuwamba ma ta yi, da sharaɗi. Da rana wajen digiri 24, da dare wajen 14, kuma yawancin ranakun rana na fitowa tas. Sharaɗin shi ne a ƙara kwana ɗaya ko biyu a kan lissafi. Mai kwana biyu kacal, idan ya faɗa cikin nawwa, a ɗaki zai ƙare su. Mai kwana huɗu ko biyar zai samu nasa rabon. Kuma a duba hasashen yanayi kwana uku kafin a bar Alkahira. In an ga hadari, a juya tsarin, a fara da abin da za a yi a Alkahira.

Sai batun agogo, wanda yake jawo wa mutane asara a banza. Tun 2023 Masar ta dawo da sauya agogo. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Alhamis ta ƙarshe a Oktoba, suna gaba da mu da awa biyu. Daren wannan Alhamis ɗin ake mayar da agogo baya, ratar ta koma awa ɗaya. Wanda tafiyarsa ta ratsa wannan dare ya tabbatar da lokaci a wurin ma'aikatan otal da safe, kada ya dogara da agogon hannu, kuma ba kowace waya ke gyara kanta daidai ba. Bayan sauyin, magariba na yi wajen ƙarfe 5 na yamma. Wanda ya saba fita bayan la'asar kamar a gida zai tarar yini ya ƙare.

In an matsa mini in zaɓi lokaci ɗaya, makonni biyu na farkon Oktoba.

Za mu iya shiga tekun? Yara suna ta murna.

Hajiya, a nan zan ɗaga murya. Wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne kwamin wanka na otal ko gefen kogin Kaduna da rani, bai san teku ba. Akwai wani jan ruwa da ke komawa cikin teku da ƙarfi, yana ɗauke babban mutum daga inda ruwa bai wuce ƙugunsa ba. A gaɓar al-Nakhil da ke Agami, yammacin gari, mutum 11 suka nutse a rana ɗaya a Yulin 2020, yawancinsu garin ceton wani. A shiga inda ake biyan kuɗi kuma akwai masu ceto a zaune. Jar tuta na nufin ba shiga, ko da an ga 'yan gari a ciki. Yaro kada ya wuce inda hannun babba zai kai gare shi. Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye, ya bi ta gefe, ya ɗaga hannu. Kuma da kaka ta yi nisa masu ceto na raguwa a wurare da yawa, wannan ma dalili ne na zuwa da wuri.

Mata na shiga ruwa da cikakkiyar sutura a can, ba wanda zai kalle ki. Ki kwantar da hankalinki ta wannan fannin.

Wane kaya za mu ɗauka?

Na shan iska, da rigar sanyi ɗaya kowa, mai tare iska. Sanyinmu na hunturu busasshe ne, nasu mai laima ne, yana ratsa shadda kamar ba a sa komai ba. Wanki ma ba ya bushewa da wuri. A Nuwamba a ƙara da lema da takalmi rufaffe. A sayi adafta tun daga Kasuwar Barci ko Shaikh Gumi, don soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, namu mai uku ba ya shiga.

Naira za ta yi?

Ba za ta yi ba. A tafi da dala, sababbi marasa yagewa ko rubutu, a canza zuwa fam ɗin Masar a banki ko shagon canji mai lasisi, a karɓi rasit. Canji a bayan fage laifi ne a dokarsu, ba kamar yadda muka saba ba. Abin da ya haura dala 10,000 dole a bayyana shi. Wuraren tarihi da dama sun daina karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, sai kati, don haka a je banki tun a Kaduna a tabbatar katin zai yi aiki a waje, a kuma ji iyakar abin da zai cire. A riƙe 'yan canji ƙanana saboda bakshish, wato ɗan ihsanin da ake ba wanda ya yi wa mutum hidima. Al'adarsu ce, ba cuta ba ce.

Me ake gani a garin?

Ganuwar Kaitbay, wadda Sarki Ashraf Kaitbay ya fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar fitilar nan da ke cikin abubuwan al'ajabi bakwai na duniyar da. A je da safe kafin iska ta tashi. Kusa da ita akwai masallacin Abul Abbas al-Mursi, babban shehin Shazaliyya ɗan asalin Andalus, da na Imam Busiri mai Burda, ana zuwa da ƙafa daga wannan zuwa wancan. Babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002 yana son rabin yini, kuma kada a sa shi ranar Juma'a. Lambun fadar Muntaza a can gabas ya fi dacewa da masu yara. Kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom al-Shukafa matakala ce mai juyawa zuwa ƙasa, ban ba mai ciwon gwiwa shawara ba.

Titin bakin teku kuwa, a tsallaka ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da aka yi don haka. Motoci ba sa tsayawa.

Abinci fa? Maigida ba ya cin abin da bai sani ba.

Zai ci. Kifi ne abincin garin, da shinkafa ja da suke kira sayadiya. Ana zaɓar kifin ɗanye a auna shi, don haka a tambayi kuɗin kilo, a tsaya a ga awon, a faɗi gashi ake so ko suya. Wanda bai tambaya ba, shi ke rigima idan takardar biyan kuɗi ta zo. Manyan gidajen abinci na ƙara harajin kashi 14 cikin 100 da kuɗin hidima a kai. Akwai hantar Iskandariya mai yaji, akwai ful, wato dafaffen wake, da safe. Kaka lokacin gwaba ne da rumman da ɗanyen dabino. Ruwan sha na roba.

Zan iya tafiya da magungunana?

Da takardar likita, a cikin kwalinsu na asali. Tiramadol da kodin kuwa a bar su a gida sai in likita ya rubuta kuma an tabbatar da izini. A 2017 kotun Masar ta yanke wa wata 'yar Ingila shekara uku a kan tiramadol da ta shigo da shi a jaka. Kuma kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko ɗan unguwarku ne, sai an buɗe an gani. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto haramun ne shiga da shi ba izini, haka ɗaukar hoton soja, ɗan sanda ko tashar jiragen ruwa.

Mu sababbin aure ne, akwai abin da za a tambaye mu?

Wasu otal-otal na neman shaidar aure, musamman idan sunayen fasfo ba su nuna alaƙa ba. Ku tafi da takardar da kwafinta. Allah ya ba da zaman lafiya.

Ina alƙibla take a can?

Kudu maso gabas. Kada a fuskanci mafitar rana kamar a gida. A duba alamar da ke ɗakin otal, in babu a tambaya.