Maldives ba ta attajirai kaɗai ba ce

A Gombe, da zarar an ambaci Maldives, ƙasar tsibirai da ke Tekun Indiya wadda ake zuwa yawon shaƙatawa, sai a ce ai ta manyan 'yan kasuwa ce da 'ya'yan masu mulki. Maganar tana da tushe, amma ta tsufa.

Tun daga 1972 da aka buɗe otal na farko, ana ajiye baƙi ne a tsibiran da babu mazauna, tsibiri guda otal guda, da tsadar da sai wane da wane. A 2009 gwamnati ta bai wa 'yan ƙasa damar buɗe masaukin baƙi a garuruwansu. Tsibirin Maafushi ya yi fice a wannan: ƙananan masaukai, abinci na kifi da shinkafa, ga jirgin ruwan haya daga Male, babban birnin, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Sai dai ba ya tashi ranar Juma'a, a lura.

Maldives ƙasar Musulmi ce, don haka babu fargabar abin da za a ci ko inda za a yi salla, kuma ba a sayar da giya a waɗannan garuruwa. Biza a filin jirgi ake bugawa, ta kwana 30.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin jirgin sama. Mutumin Gombe sai ya fara zuwa Abuja ko Kano, ya sauya jirgi a Doha, ga dala ta yi tsada. Wanda ya jure ruwan sama tsakanin Mayu da Oktoba zai samu ɗaki da rahusa.