Awon jini na gano ƙin jin insulin

Ƙin jin insulin yanayi ne da tsoka da hanta da kitsen jiki suke daina amsa wa insulin yadda ya kamata. Insulin sinadari ne da fankiriyas, gaɓar da ke kwance bayan tumbi, take fitarwa don ya shigar da sukarin jini cikin ƙwayoyin jiki. Idan jiki ya yi taurin kai, sai fankiriyas ta ƙara yawan wanda take zubawa, sukari ya zauna daidai shekara da shekaru, mutum yana ganin lafiyarsa lau. A wannan tsakanin ne hawan jini da gurɓacewar maiƙon jini suke kama wuri. Likita Gerald Reaven na Amurka ne ya haɗa waɗannan matsaloli a zance guda a 1988, ya nuna tushensu ɗaya.

Awon sukari

Awon farko shi ne na sukari da safe kafin a ci komai, wanda takardun ɗakunan awo na Maradi suke rubutawa glycémie à jeun. Ana son awa 8 aƙalla ba abinci. Ruwa zalla ba ya ɓata awon, gara ma a sha, amma shayi da kunu da fura suna ɓata shi, ko da kurɓi ɗaya ne. Ƙasa da giram 1,00 a lita daidai ne. Daga 1,00 zuwa 1,25 an hau hanyar ciwon sukari, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1,10 take fara lissafi. Giram 1,26 ko fiye, a rana biyu daban, ciwon sukari ne. Wanda ya yi awo a Katsina ko Kano zai iya dawowa da takarda mai milimol, inda 1,26 take zama 7,0. Ana ninka giram da 5,55 a samu milimol. Rashin sanin wannan ya sha tayar wa mutane hankali a banza.

Jinin da aka ɗiba ba ya jira. Ƙwayoyinsa suna ci gaba da cin sukarin cikin kwalba, kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa, kuma zafin Afrilu da Mayu yana ƙara musu sauri. Jinin da aka ɗauko daga ƙauye a kan babur, ba a kwalba mai fulorayid ba (ita ce mai murfi ruwan toka), zai nuna sukari ƙasa da na gaskiya.

Awon da ya fi kama matsalar da wuri shi ne a sha giram 75 na gulukos, wato irin sukarin da ke cikin jini, a narke cikin ruwa, a zauna awa 2 ba yawo, a sake ɗiba. Daga 1,40 zuwa 1,99 jiki ya fara kasawa, 2,00 kuwa ciwon sukari ne.

HbA1c yana nuna matsakaicin sukari na wata 2 zuwa 3, ba ya bukatar a kwana da yunwa. Daga kashi 5,7 zuwa 6,4 gargaɗi ne, 6,5 ciwo. Sai dai a ƙasar Hausa ana karanta shi da hattara, domin ya dogara ne ga tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini, kusan kwana 120. Ciwon sikila, da zazzaɓin cizon sauro mai fasa jini, da ƙarin jini na kwanan nan suna saukar da shi, ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma yana iya ɗaga shi. A wasu na'urori, ko mai AS, wanda ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai, sakamakonsa yana karkacewa.

Awon insulin da lissafin HOMA

Duk waɗancan sukari suke aunawa, ba wahalar da fankiriyas take sha ba. Don ganin wannan ana auna insulin a jinin safe ɗin nan, a yi lissafin HOMA-IR, wanda David Matthews da abokan aikinsa na Oksfod suka fitar a 1985. Ana ninka sukari, a miligiram cikin desilita, da insulin, a mikroyunit cikin mililita, a raba da 405. A ɗauki mutum biyu masu sukari giram 0,95 a lita, wato miligiram 95 cikin desilita. Na farko insulin ɗinsa 5 ne, lissafinsa ya ba da 1,2. Na biyu 18 ne, nasa ya ba da 4,2. Takardar sukari ta wanke su duka biyun, alhali na biyu fankiriyas ɗinsa tana aikin da ya ninka na ɗan'uwansa fiye da sau uku.

Babu iyaka guda da duniya ta amince da ita. Da yawa suna ɗaukar abin da ya haura 2 zuwa 2,5 a matsayin alama, kuma na'urorin auna insulin ba sa ba da lamba ɗaya, don haka a riƙe ɗakin awo guda idan za a kwatanta. Jinin da ya fashe wajen ɗiba yana nuna insulin ƙasa, saboda jajayen ƙwayoyi suna ɗauke da abin da ke narkar da shi. Lissafin ba shi da amfani ga mai allurar insulin, ko wanda ciwon sukarinsa ya daɗe har fankiriyas ta gaji. Ba kowane ɗakin awo ke yinsa ba, kuma likita zai iya yanke shawara ba tare da shi ba.

Maiƙon jini da zuciya

Awon maiƙo yana ba da kolestarol gaba ɗaya, da LDL mai taruwa a bangon jijiyoyi, da HDL mai kwashe kolestarol daga jijiyoyi, da tirigilisarid, wani nau'in kitse a jini. Galibi ba a auna LDL kai tsaye, da lissafin Friedewald na 1972 ake fitar da shi, wanda ke rushewa idan tirigilisarid ya wuce giram 4 a lita. Ana cewa mutum yana da tarin matsalolin nan da Reaven ya haɗa idan ya cika uku cikin biyar: tirigilisarid 1,50 ko fiye, HDL ƙasa da 0,40 ga namiji ko 0,50 ga mace, sukari 1,00 ko fiye, awon hawan jini 130 bisa 85 ko fiye, da ƙugu mai santimita 94 ko fiye ga namiji, 80 ko fiye ga mace. Awon ƙugun daga Turawa aka aro shi. Akwai kuma wani tarko: mutanen Afirka ta Yamma sukan yi ƙin jin insulin sosai tirigilisarid ɗinsu yana ƙasa, saboda haka kyawunsa ba ya wanke kowa. Awon CRP, mai nuna kumburi a jiki, shi ma bai da ma'ana ga mai zazzaɓi, sai ya warke da makonni.

Wanda ya kamata ya yi

Mai tumbi, mai hawan jini, wanda iyayensa ke da ciwon sukari, macen da ta haifi jariri sama da kilo 4 ko sukarinta ya hau da juna biyu, da mai baƙin tabo mai kauri a wuya ko hammata wanda sabulu ba ya fitarwa. A gaya wa likita duk abin da ake sha ko shafawa. Ƙwayoyin ƙiba irin su deksametazon da ake saye a kasuwa, da wasu mayukan hasken fata, suna ɗauke da maganin kumburi dangin kotizon, shi kuwa yana haddasa ƙin jin insulin da kansa.

Binciken rigakafin ciwon sukari na Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa shirin rage kashi 7 na nauyi da tafiyar minti 150 a mako ya rage kamuwa da kashi 58, metfomin, ƙwayar maganin ciwon sukari, kuma da kashi 31. Wanda aka samu a kan iyaka yakan sake awo duk shekara.