Pongal: bikin da ake murna in tukunya ta zube

A tsakiyar watan Janairu manoman jihar Tamil Nadu, a kudu maso gabashin Indiya, ke shigo da sabuwar shinkafa gida. Kafin a yi sakaci a ci ta kamar kowane abinci, sai an yi kwana huɗu ana biki. Ga amsoshin tambayoyin da mai karatu zai so ya yi a kan bikin.

Mene ne Pongal, kuma su wa ke yin sa?

Bikin kaka ne na Tamilawa, mafi rinjayen mutanen Tamil Nadu, jihar da yawan jama'arta ya haura miliyan 72 a ƙidayar 2011, kuma kusan kashi 88 cikin ɗari nasu mabiya addinin Hindu ne. Sunan bikin daga sunan abincin da ake dafawa ne, ma'anarsa kuwa a harshen Tamil ita ce tafasa har a zubo. Ana yin sa a Sri Lanka, inda ranar hutu ce ta ƙasa, da Malesiya da Singafo da tsibirin Moris (Mauritius) da birnin Durban na Afirka ta Kudu, wuraren da Turawan mulkin mallaka suka kai Tamilawa aikin gonakin rake da shayi da roba.

Ba sabon abu ba ne. Akwai rubutu a jikin wurin bauta na Tiruvallur, kusa da Chennai babban birnin jihar, da ake dangantawa da zamanin sarki Kulottunga na ɗaya na daular Chola, wanda ya hau mulki a 1070, yana bayanin filin da aka ba wurin bautar don gudanar da bikin kowace shekara.

Wace irin kaka ce a Janairu?

Damina ce ta sha bamban. Yawancin Indiya na samun ruwa daga Yuni zuwa Satumba, amma duwatsun da suka tokare yammacin Tamil Nadu suna tare mafi yawan wannan hadari. Babbar daminar jihar tana zuwa ne daga gabas, daga Oktoba zuwa Disamba. Shinkafar da suke kira samba ana shuka ta wajen Agusta ko Satumba, ta sha wannan ruwa tare da na kogin Kaveri, ta nuna a Janairu. Rake da gangamau su ma a lokacin suke kaiwa. Shi ya sa in ka duba hoton bikin, waɗannan ukun ba sa ɓacewa: shinkafa a tukunya, gangamau ɗaure a wuyan tukunyar, rake a jingine gefe. Yankin Thanjavur, inda Kaveri ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku, shi ne rumbun jihar.

Tamilawa na da magana cewa in watan Thai na kalandarsu, wanda ke farawa tsakiyar Janairu, ya kama, hanya ta buɗe. Magana ce ta manomi: amfani ya shigo, a biya bashi, a ɗaura auren da aka ɗage, domin watan Margazhi da ya gabace shi ba a cika bikin aure a cikinsa ba.

Me ya sa ranarsa ba ta yawo kamar ta bukukuwan Hindu irin su Diwali ko Holi?

Waɗancan da lissafin wata ake tsayar da su. Pongal kuwa da rana ake lissafinsa. Babbar ranar ita ce ɗaya ga watan Thai, ranar da rana ke shiga burjin Makara, wanda masana taurari na Larabawa ke kira Jadyu, kuma tana faɗowa 14 ko 15 ga Janairu. A wurin Hindu wannan ne farkon tafiyar rana zuwa arewa, watanni shida da ake ɗauka masu albarka. A zahirin ilimin sararin sama rana ta juya tun 21 ko 22 ga Disamba. Ratar ta samo asali ne daga yadda lissafin Indiya ke bin matsayin taurari, wanda ke zamewa da kusan kwana ɗaya a kowace shekara 70 da 'yan kai.

A wannan rana kusan duk Indiya na da biki, sunaye ne suka bambanta: Makar Sankranti a arewa da tsakiya, Magh Bihu a Assam, Uttarayan a Gujarat, Lohri a Punjab a daren jajibiri.

Me ya sa har kwana huɗu?

A nawa ganin, nan ne ma'anar bikin take. Manomi ya zauna ya lissafa waɗanda suka sa hannu a amfaninsa, ya ba kowa ranarsa: ruwan sama, rana, shanu, sannan mutane.

Ranar farko, Bhogi, ta Indra ce, wanda Hindu ke ɗauka abin bautar hadari da ruwa. Ana share gida, a shafa farar ƙasa, a tara tsofaffin tabarmi da tsintsiya da tsummoki a cinna musu wuta da asuba, yara na kaɗa 'yan ganguna. A ƙauye wannan ba ya damun kowa. A Chennai kuwa, inda wasu ke haɗawa da tayoyi da robobi, hayaƙin kan gauraya da hazon safiya har ya hana jirage sauka da tashi, shi ya sa hukumar kula da gurɓatar muhalli ta jihar ke jan kunnen jama'a duk shekara.

To, ina batun tukunyar?

Rana ta biyu ke nan, Thai Pongal, wadda aka keɓe wa Surya, abin bautar rana. Tun kafin gari ya waye mata ke yayyafa ruwa a ƙofar gida su zana kolam, wani zane mai sarƙaƙiya da garin shinkafa. Suna cewa garin rabon tururuwa ne da tsuntsaye. Sai a kafa murhu a tsakar gida, a fili, inda rana za ta ga girkin. Tukunyar ƙasa sabuwa ake ɗorawa, an yi mata ado, a zuba madara.

Daga nan kowa ya zuba ido. Abin da a kullum uwar gida ke rugawa ta hana, yau shi ake jira. Da madarar ta yi kumfa ta hau bakin tukunya ta malalo, sai gida ya ɗauka da ihun "Pongalo Pongal!", a zuba sabuwar shinkafa. Zubowar alama ce ta yalwa: shekarar nan za a samu har ya wuce ma'auni. Wasu ma suna lura da gefen da ta fara zubowa, in gabas ne su ce alheri. A ranar gaisuwar mutane ita ce, "Madara ta zubo kuwa?"

Ana ƙara mazarƙwaila da ɗan wake ƙanana da aka ɓare, da man shanu, da kashu da busasshen inibi da kayan ƙamshi. Wannan shi ne mai zaƙin. Akwai kuma farin, mai gishiri da barkono baƙi da citta, wanda ake karin kumallo da shi a kudancin Indiya kowane lokaci. Ba wanda zai ɗanɗana sai an zuba na farko a ganyen ayaba, tare da kwakwa da ayaba da rake, an miƙa wa rana. Bayan haka a ci, a aika wa maƙwabta, a ba waɗanda suka yi aikin gonar.

Shanu fa, me ake yi musu?

Rana ta uku, Mattu Pongal, ba saniyar da za a ɗaura wa garma. Ana yi musu wanka, a kankare ƙahonni a shafa fenti, a rataya furanni da ƙararrawa, a ba su abincin bikin da ayaba da rake. Akwai tatsuniyar da ake ba yara: Shiva, ɗaya daga manyan ababen bautar Hindu, ya aiki bijiminsa ya gaya wa mutane su riƙa shafa mai su yi wanka kullum, su ci abinci sau ɗaya a wata. Bijimin ya juya saƙon. Shiva ya ce to, tunda kai ka jawo musu cin abinci kullum, sai ka sauka ka yi musu huɗa.

Shi ne lokacin da suke wasan kokawa da bijimi?

Shi ne. Sunansa jallikattu, kuma wuraren da suka fi shahara a gundumar Madurai suke: Avaniyapuram, Palamedu, Alanganallur, kowanne da ranarsa a jere. Wanda ya san hawan ƙaho na mahauta zai gane irin jarumtar, sai dai a nan tozo ake runguma, ba a yarda a kama ƙaho ko wutsiya ba, kuma bijimin gida yake komawa. Ana sakin bijimai ɗaya bayan ɗaya ta wata ƙunƙuntar ƙofa, samari na jira. In saurayi ya riƙe tozon har ya cika ƙa'ida, kyauta tasa ce. In bijimi ya watsar da su, kyautar ta mai shi ce. Daga tukwane da kekuna, kyaututtukan sun kai ga zinariya da babura da motoci.

Rigimarsa ta kai kotu. Masu kare haƙƙin dabbobi sun gabatar da shaidar yadda ake murɗa wa bijimai wutsiya ana tsokanar su, Kotun Ƙolin Indiya ta haramta wasan a watan Mayun 2014. A Janairun 2017 dubban ɗaruruwan mutane, yawancinsu matasa, suka mamaye bakin tekun Marina a Chennai kusan mako guda, har majalisar jihar ta gyara dokar hana cin zalin dabbobi ta 1960 don halasta shi da sharuɗɗa. A Mayun 2023 alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka tabbatar da gyaran. Magoya baya na cewa ba don wasan ba, da tarakta ta gama da irin shanun gida kamar Kangayam da Pulikulam, don ba wanda zai ciyar da bijimin da ba ya aiki. Hujjar na da ƙarfi. Amma kusan duk shekara sai an rasa rayuka, kuma sau da yawa 'yan kallo ne.

Ibada ce ko al'ada?

Ya danganta da wanda ka tambaya. Miƙa abinci ga rana da yin addu'a gare ta ibadar Hindu ce, ba wani kewaye-kewaye. Sai dai bikin bai dogara da malamin addini ko wurin bauta ba. A tsakar gida ake yin sa, mutanen gida ne ke jagoranta. Wannan ya sa jam'iyyun Dravidiya na jihar, waɗanda suka taso da adawa da fifikon Brahmin (zuriyar malaman addinin Hindu), suka rungume shi a matsayin bikin Tamilawa duka. A 2008 gwamnatin jihar ƙarƙashin babban minista Karunanidhi ta mai da ɗaya ga Thai farkon shekarar Tamil, abokiyar hamayyarsa Jayalalithaa ta hau mulki a 2011 ta mayar da ita tsakiyar Afrilu. Coci-coci da dama na dafa tukunyarsu a matsayin godiya ga Allah kan amfanin gona. Makarantu da ofisoshi na yin abin da suke kira Pongal na daidaito, inda Musulmi da Kirista ke halarta. Musulmi da yawa kan tsaya a gaisuwa da ziyara, su bar ɓangaren bautar.

Rana ta huɗu fa, da mutanen birni da ba su da gona?

Kaanum Pongal ranar zumunci ce. Ana gaida manya, a fita bakin kogi ko teku da abinci. A wasu gidaje mata kan jera dunƙulen shinkafa mai launi a kan ganyen gangamau don hankaki, suna yi wa 'yan'uwansu maza fatan alheri. Mazauna Chennai kuwa tururuwa suke zuwa garuruwansu, gwamnati na ƙara dubban motocin safa, manyan fina-finan Tamil kuma a makon ake sakin su.

Gwamnatin jihar kan raba wa masu katin tallafin abinci kayan biki. Da aka sanar da na 2023, shinkafa da sukari kilo ɗai-ɗai da rupi 1,000, ba a sa rake a ciki ba. Manoman da suka noma shi da sa ran gwamnati za ta saya suka fito zanga-zanga, 'yan adawa suka mara musu baya, kuma kafin mako ya zagayo babban ministan jihar na lokacin, M.K. Stalin, ya ba da umarni a ƙara wa kowane gida karan rake guda cikakke.